Idan maganar Fafaroma ta yi kamar ta saɓa wa katikisma, wanne za mu bi?

"Fada, barka da aiki. Ni katikis ne, na tsufa ina koyar da masu shirin baftisma da masu shirin aure. A 'yan shekarun nan matasa sukan zo mini da waya a hannu, su ce Fafaroma ya yarda a sa wa masu auren jinsi albarka, ya ce dukan addinai hanyoyi ne zuwa wurin Allah, ya kuma bar wanda ya rabu da matarsa ya auri wata ya karɓi Jibin Ubangiji. 'Yan'uwanmu na wasu ikilisiyoyi suna cewa Katolika ta sayar da bangaskiyarta. Mu kuwa an koya mana cewa Fafaroma ba ya kuskure. To, in ba ya kuskure, abin da muka koyar a da shi ne kuskuren? In kuwa ya yi kuskure, me ya rage mana? Ina tsoron kada jikokina su tashi su tarar da Ikilisiyar da ba ta san abin da ta gaskata ba."

Baba Katikis, Allah ya saka maka da alheri a kan hidimarka, ya ƙara ƙarfi. Abin da kake tambaya, in na fahimce ka, shi ne ko koyarwar Ikilisiya ta canza a hannun Fafaroma Francis, wanda ya hau kujerar Bitrus a watan Maris na 2013 ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 2025, da kuma inda biyayyarmu za ta tsaya idan maganar Uba Mai Tsarki ta yi kamar ta yi karo da abin da muka gada. Ba zan ce maka ka kwantar da hankalinka babu komai ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kadinal-kadinal da bishop-bishop da dama sun ji irin nauyin da kake ji. Sai dai akwai wata magana a tsakiyar tambayarka da ya kamata mu fara gyarawa, domin ita ce ke ninka maka ciwon.

Abin da aka yi wa Bitrus alkawari

"Fafaroma ba ya kuskure" rabin magana ce, kuma mu masu koyarwa ne muka gutsure ta haka don sauƙin hadda. Majalisar Vatikan ta Farko, wadda ta tabbatar da wannan koyarwa ranar 18 ga Yuli, 1870, ta sa mata iyaka mai tsauri. Kariyar nan daga kuskure tana aiki ne lokacin da Fafaroma ya yi magana a matsayinsa na makiyayi da malamin dukan Kiristoci, da cikakken ikonsa na magajin manzanni, yana yanke hukunci na ƙarshe a kan wani batu na bangaskiya ko na ɗabi'a da dukan Ikilisiya za ta riƙe. Takardar majalisar ta ƙara da abin da ba a cika karanta wa mutane ba: ba a yi wa magadan Bitrus alkawarin Ruhu Mai Tsarki domin su fito da sabuwar koyarwa ba, sai domin su tsare ajiyar bangaskiya da manzanni suka miƙa, su bayyana ta da aminci. Majalisar Vatikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta maimaita cewa ikon koyarwa na Ikilisiya ba ya bisa Maganar Allah, yi mata hidima yake yi. Fafaroma mai riƙon amana ne, bangaskiyar ba mallakarsa ba ce.

Irin wannan hukunci na ƙarshe ba a yawan yin sa. Wanda kowa ya sani tun bayan 1870 shi ne na Fafaroma Pius na 12 a 1950, a kan ɗaukar Budurwa Maryamu zuwa sama da jiki da rai. Kafin nan akwai na Pius na 9 a 1854, a kan cewa ita Maryamu ba ta gaji zunubin asali ba tun daga lokacin da aka ɗauki cikinta. Cikin shekara 12 na Fafaroma Francis bai taɓa amfani da wannan iko ba. Saboda haka babu ko ɗaya cikin abubuwan da matasanka suke nuna maka da ya shiga wannan sahu.

Kada kuma a ɗauki wannan a matsayin izinin yin watsi da duk abin da bai kai hukuncin ƙarshe ba. Majalisar Vatikan ta Biyu ta ce koyarwar Fafaroma ta yau da kullum tana da hakkin mu karɓe ta da ladabin hankali da na zuciya, kuma ana gane nauyinta daga irin takardar da ta fito a ciki, da yawan maimaita ta, da yanayin furucin. Wasiƙar koyarwa ga dukan Ikilisiya daban, wa'azin safe daban, hira da 'yan jarida a cikin jirgin sama kuma daban. Waya ba ta bambanta waɗannan. Duk a girma ɗaya take nuna su.

Tarihi ma bai ɓoye mana komai ba. Manzo Bulus ya ce a Galatiyawa 2:11 ya tsayayya wa Bitrus fuska da fuska a Antakiya, domin halinsa ya saɓa wa abin da shi Bitrus ɗin ya gaskata. Majalisar Kustantiniya ta Uku, a shekarar 680 zuwa 681, ta la'anci Fafaroma Honorius bayan rasuwarsa saboda wasiƙunsa a kan ko nufi ɗaya Almasihu yake da shi ko biyu, kuma Fafaroma Leo na 2 ya amince da hukuncin, yana mai cewa sakaci Honorius ya yi, ya bar wutar bidi'a ta ci maimakon ya kashe ta. Fafaroma Yohanna na 22 ya yi wa'azi tun daga 1331 cewa rayukan tsarkaka ba sa ganin fuskar Allah sai bayan shari'ar ƙarshe. Malaman tauhidi suka ƙi yarda, ya janye maganar gab da rasuwarsa a 1334, magajinsa Benedict na 12 ya yanke hukunci a 1336 a kan akasin abin da ya yi wa'azi. Bishop-bishop ɗin da suka zauna a 1870 sun san batun Honorius, an yi gardama a kansa, shi ya sa suka auna kalmominsu. Fafaroma yana iya yin magana marar kyan tsari, yana iya yin shiru inda ya kamata ya yi magana, yana iya yin kuskuren shugabanci, alkawarin Almasihu kuwa yana nan daram.

Abubuwan da matasa suke nuna maka

Batun albarka shi ne ya fi tayar da ƙura. A watan Maris na 2021 ofishin kula da koyarwar bangaskiya a Vatikan, da amincewar Fafaroma Francis, ya amsa cewa Ikilisiya ba ta da ikon sa albarka ga tarayyar jinsi ɗaya, domin Allah ba ya sa wa zunubi albarka. Ranar 18 ga Disamba, 2023, ofishin nan, a lokacin a ƙarƙashin Kadinal Víctor Manuel Fernández, ya fitar da takardar Fiducia Supplicans. Wanda ya karanta ta zai ga ta faɗi ƙarara cewa aure tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya ne kuma wannan koyarwa ba ta canza ba. Abin da ta ba da izini shi ne gajeriyar addu'a ba cikin tsarin sujada ba, ba a lokacin wani bikin ɗaurin aure ba, ba da tufafi ko alamun aure ba, ga mutanen da suke cikin zaman da Ikilisiya ba ta amince da shi ba idan suka zo suna neman taimakon Allah. Don haka wanda ya ce maka Fafaroma ya halatta auren jinsi bai faɗi gaskiya ba.

Amma a ganina takardar ta bar ƙofa a buɗe inda bai kamata ba. Ba ta tsaya ga mutum ɗaya ɗaya ba, wanda tun asali babu firist da ke hana shi albarka komai zunubinsa. Ta yi maganar mutum biyu da suka zo tare a matsayin ma'aurata. Mai kallo da ya ga su biyu a tsaye, firist ya ɗaga hannu a kansu, ba zai karanta bayanin da ke cikin takarda ba. Abin da idonsa ya gani shi zai ɗauka, kuma alama ita ma koyarwa ce. Bishop-bishop na Najeriya sun sanar cikin 'yan kwanaki cewa ba za a yi haka a ƙasar ba. Ranar 11 ga Janairu, 2024, Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, a madadin ƙungiyar bishop-bishop na Afirka da Madagaska, ya fitar da wasiƙa cewa ba za a yi irin wannan albarka a Afirka ba, kuma ya yi haka ne bayan ya je Roma ya samu amincewar Fafaroma. A watan Maris na 2024, saboda wannan batu, Ikilisiyar Kibɗawa ta Masar ta dakatar da tattaunawar tauhidi da Katolika. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda daga baya aka riƙa bayyana matsayin Afirka a matsayin batun al'ada, alhali bishop-bishop ɗin sun kafa hujja da Littafi Mai Tsarki. Duk da haka ka lura da yadda suka yi: sun ce a'a, kuma ba su fita daga zumunci da Fafaroma ba ko taku ɗaya.

Batun Jibin Ubangiji ya fi wannan zurfi. Fafaroma John Paul na 2 ya rubuta a 1981, cikin takardarsa a kan iyali mai suna Familiaris Consortio, cewa waɗanda suka rabu suka sake aure alhali auren farko yana nan ba za su karɓi Jibi ba, sai idan sun ɗauki alkawarin zama kamar wa da ƙanwa. A 2016 Fafaroma Francis ya fitar da tasa takardar a kan iyali, Amoris Laetitia, kuma a babi na 8, cikin wani ƙaramin bayani a ƙasan shafi mai lamba 351, ya ce a wasu yanayi taimakon da Ikilisiya za ta ba irin waɗannan mutane yana iya haɗawa da sakramenti. Hujjarsa ba sabuwa ba ce, kai ma ka koyar da ita: kafin zunubi ya zama mai kisa sai abin ya kasance mai nauyi, mutum ya yi shi da cikakken sani da cikakkiyar yarda. Macen da miji ya yasar da 'ya'ya, ta shiga wani auren don su rayu, alhakinta a gaban Allah ba lallai ya zama ɗaya da na wanda ya yasar da ita ba. Tambayar da ta rage ita ce ko raguwar alhaki a ɓoye ta isa ta buɗe hanyar karɓar Jibi a fili, alhali zaman bai canza ba. Kadinal huɗu, Burke da Brandmüller da Caffarra da Meisner, sun aika wa Fafaroma tambayoyi biyar a watan Satumba na 2016 suna neman i ko a'a. Bai amsa musu kai tsaye ba, biyu daga cikinsu suka rasu a 2017. Ya dai yaba wa fassarar bishop-bishop na yankin Buenos Aires, wadda ta yarda da karɓar sakramenti a wasu yanayi bayan doguwar tantancewa tare da firist, har aka sa wasiƙarsa cikin kundin hukuma na Vatikan. Sakamakon shi ne bishop-bishop na Jamus da Malta suka buɗe hanya, na Poland suka tsaya a kan tsohuwar ƙa'ida. Jamus da Poland iyaka ɗaya ce ta raba su, amma mutum biyu masu hali iri ɗaya suna samun amsa biyu. A nan tsoronka yake da tushe na gaske. Ba a goge koyarwar cewa aure ba ya warwaruwa daga kowace takarda ba, amma idan aiki ya daɗe yana faɗin wani abu daban, mutane aikin za su gaskata.

Na addinai kuwa, a takardar da Fafaroma ya sa wa hannu a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairu, 2019, tare da Babban Limamin Azhar, Sheikh Ahmad al-Tayyeb, akwai jimlar da ta ce bambancin addinai Allah ne ya nufa cikin hikimarsa. Bayan wata biyu shi da kansa ya bayyana cewa yana nufin Allah ya ƙyale hakan ya kasance. Maganar da ya yi wa matasa a Singafo a watan Satumba na 2024, cewa dukan addinai hanyoyi ne zuwa wurin Allah, magana ce ta baka ba rubutacciyar koyarwa ba. Abin da Ikilisiya ta koyar a rubuce yana nan: ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya da tsarki a sauran addinai, tana girmama mabiyansu, tana kuma gaskata cewa wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, yana neman Allah da zuciya ɗaya, zai iya samun ceto. Amma ceton ta wurin Almasihu yake zuwa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 4:12 ta faɗa, kamar yadda kuma takardar Dominus Iesus ta jaddada a shekarar 2000. Wannan za ka ci gaba da koyarwa.

Akwai ɗaya da ba ka ambata ba, ga shi kuwa shi ne inda rubutun Katikisma ya canza da gaske. A watan Agusta na 2018 aka sake rubuta lamba ta 2267 ta ce hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne, bayan ƙarnuka ana koyar da cewa hukuma tana da wannan iko a manyan laifuffuka. John Paul na 2 ya riga ya ce a 1995 yanayin da zai wajabta shi ya yi wuya ƙwarai, in ma akwai shi. Waliyyi Vincent na Lerin ya ce tun a ƙarni na biyar koyarwa tana girma yadda yaro yake zama dattijo, gaɓoɓinsa suna ƙaruwa amma mutumin ɗaya ne. Ko canjin 2018 girma ne irin wannan, ko ya wuce haka, malaman tauhidi masu aminci har yanzu ba su daidaita ba.

Adalci kuma ya wajabta in faɗi ɗaya gefen. Fafaroma Francis ya ƙi naɗa mata firistoci, ya yi magana mai zafi a kan zubar da ciki, bai amince da roƙon taron yankin Amazon na naɗa masu aure firistoci ba a takardarsa ta 2020, ya kuma sha gargaɗin Ikilisiyar Jamus a kan tafiyar sauye-sauye da ta ɗauko. Waɗannan ba sa yawo a waya kamar sauran.

Me ya kawo mu nan

Shi Fafaroma Francis makiyayi ne da ya fi tsoron a kori mai rauni daga ƙofa fiye da tsoron a yi masa mummunar fahimta, kuma ya zaɓi barin wasu tambayoyi a buɗe da gangan. Wannan ya jawo mutane da yawa da suka yi nisa, ya kuma bar irinka, masu tsayawa gaban aji, da nauyin fassara. Ga kuma matsin da ke kan ikilisiyoyin Turai, inda kujeru suke ta zama fanko har wasu shugabanni suna ganin sassauta koyarwa ne zai dawo da jama'a. Amma akwai namu rabon. A zamanin John Paul na 2 da Benedict na 16 mun saba da jingina kowace amsa a kan "Fafaroma ya ce", har muka bar koya wa mutane dalilin da ya sa abin yake gaskiya tun kafin a haifi wannan Fafaroma. Wanda bangaskiyarsa ta rataya a kan halin mutum ɗaya zai girgiza duk lokacin da aka yi sabon zaɓe. Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayu, 2025, ya faɗa wa jakadu a makonsa na biyu cewa iyali yana kafuwa ne a kan tabbatacciyar tarayyar namiji da mace. Na ji daɗin maganar, amma ba daga ranar ta zama gaskiya ba.

Hanyoyin da ke gabanka

Wasu sun yanke cewa tunda haka ne, Fafaroman ba Fafaroma ba ne. Ina roƙonka ka nisanci wannan hanya da masu wa'azinta a intanet. Babban Bishop Marcel Lefebvre ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Roma ba a 1988 da sunan tsare al'adar Ikilisiya, aka yanke shi daga zumunci. Babban Bishop Carlo Maria Viganò ya kai ga ƙin amincewa da Fafaroma, aka yanke shi a watan Yuli na 2024. Waɗanda suka ɓalle bayan 1870 suna kiran kansu Tsofaffin Katolika, yawancin ikilisiyoyinsu a Turai yau sun karɓi abubuwan da kakanninsu ba su taɓa tsammani ba. Zumunci da magajin Bitrus yana cikin koyarwar da kake son tsarewa. Ba a yar da shi don a ceci sauran.

Wasu kuma suna yi kamar babu abin da ya faru, duk wanda ya yi tambaya su kira shi maƙiyin Fafaroma. Wannan ma ba ya warkar da kowa, matasa kuwa suna ganewa idan ana rufe musu magana. Dokokin Ikilisiya, a doka ta 212, sun ba masu bi hakki, wani lokaci ma wajibi, su bayyana wa makiyayansu ra'ayinsu a kan abin da ya shafi lafiyar Ikilisiya, gwargwadon saninsu, da ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Waliyya Katarina ta Siyena ta rubuta wa Fafaroma Gregory na 11 da kalmomi masu kaifi har ya bar Avignon da ke Faransa ya koma Roma a 1377, kuma ba ta daina kiransa uba ba.

A aikina na horar da katikis da masu shirin zama firistoci, idan ɗalibi ya kawo mini "Fafaroma ya ce", ba na fara da amsa. Nakan tambaye shi a ina aka faɗa, a rubuce ne ko a baka, kuma ko ya karanta ainihin maganar ko kanun labari kawai ya gani. Sau da yawa rabin rigimar takan mutu a nan. Abin da ya rage sai mu ajiye shi kusa da Littafi Mai Tsarki da Katikismar 1992 da abin da majalisu suka yanke, mu karanta marar haske da hasken mai haske. In bayan haka har yanzu akwai inda bai zauna ba, nakan ce musu bai zauna ba, mu ci gaba da koyar da abin da yake tabbatacce, muna yi wa Fafaroma addu'a da sunansa kamar yadda muke yi a kowace Mas. Jikokinka za su san abin da Ikilisiya ta gaskata gwargwadon yadda wani ya zauna ya koya musu Shaidar Bangaskiya da sakramenti da Dokoki Goma tare da dalilansu, kuma wannan aiki a hannunka yake fiye da a hannun kowane ofishi na Roma.

Ni firist ne mai koyarwa, ba alƙali ba. Abin da na faɗa a kan raunin waɗannan takardu ra'ayina ne, akwai malamai masu tsoron Allah da suke ganin na tsananta, akwai masu ganin na sassauta. Ikilisiya ce za ta yanke, kuma takan ɗauki lokaci: bayan Majalisar Nikiya a 325 an shafe fiye da shekara hamsin ana rikici a kan allahntakar Almasihu kafin majalisar 381 ta daidaita maganar.

Idan kuma a ajinka akwai wanda batun sake aure ya shafa kai tsaye, kada ka yanke masa hukunci daga labarin waya, ko na sassauci ko na tsanani. Ka kai shi wurin Fada, a bi ƙa'idar da bishop ɗinku ya shimfiɗa, a kuma duba ko auren farkon ya ɗauru da gaske tun asali. Fafaroma Francis ya sauƙaƙa tsarin wannan bincike a kotunan Ikilisiya a 2015, kuma mutane da yawa da suka daɗe ba sa karɓar Jibi ba su taɓa jin cewa suna iya kai ƙararsu can ba.